Kafin a Sabunta Babbar Manhajar Kwamfuta, a Ceci Rubutun Hausa da Ke Cikinta

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, babbar manhajar da ya fitar a shekarar 2015, wadda kuma ita ce ke tafiyar da kwamfutocin gida na malamai da ɗaliban Hausa da dama. Kwamfutar da ke ɗauke da ita za ta ci gaba da kunnuwa tana aiki, sai dai duk wata ɓarakar tsaro da aka gano daga wannan rana ba za a toshe mata ita ba, in ban da wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi da kamfanin ya tanadar wa ɗaiɗaikun mutane zuwa 13 ga Oktoba, 2026. Saboda haka sabuntawa ta zama dole. Amma ga manazarcin Hausa, akwai aikin da ya kamata ya riga ta, wato ceto rubutun da ke cikin na'urar.

Hujjar masu cewa a sabunta tana da ƙarfi, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A watan Mayun 2017 muguwar manhajar WannaCry ta bazu a duniya, tana kulle fayilolin mutane tana neman kuɗin fansa, har ta tsayar da aiki a asibitoci da yawa a Birtaniya. Kwamfutocin da ta kama su ne waɗanda ba a toshe musu ɓarakar da ta bi ba. Ɗalibin da ke sauke maƙalu daga intanet, yana kuma karɓar filas daga hannun abokai da shagunan buga takardu, ba shi da dalilin ɗaukar kansa a matsayin wanda ya tsira.

Cikas ɗin shi ne Windows 11, wadda ta fito a watan Oktoban 2021, tana da sharuɗɗa. Tana buƙatar ram mai gigabait 4, da rumbun ajiya mai gigabait 64, da guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, sannan a ɓangaren Intel tana neman furosesa daga zubi na takwas zuwa sama. Kwamfutocin gwanjo da yawa da ɗalibai ke saya sun girmi wannan ƙa'ida. Mai irin wannan na'ura zaɓinsa uku ne: ya sayi wata, ko ya koma Linux, kamar Ubuntu ko Linux Mint waɗanda kyauta ne, ko ya kai wa mai gyara a goge komai a ɗora masa Windows 11 ta bayan fage, abin da kamfanin bai ba da tabbacin ci gaba da kula da shi ba. A duk hanyoyin uku, fayiloli za su bar mazauninsu na asali, kuma a nan matsalar Hausa take ɓullowa.

A lokacin da kwamfuta ta fara shiga sassan nazarin harsuna, ba ta da haruffa masu lanƙwasa. Samfuran haruffa irin su Rabi'at da Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar, su suka fitar da marubuta daga wannan ƙangi, kuma an buga kundaye da littattafai masu ɗimbin yawa da su. Dabarar irin waɗannan samfura ita ce aron gurbin wata alama a zana mata siffar harafin Hausa. A wani tsarin, q ke tsayawa a madadin ƙ, x a madadin ɗ, v a madadin ɓ. A wani kuma alamomin baka ake ara. Ido yana ganin ƙasa, amma abin da kwamfuta ta adana shi ne qasa ko }asa. Muddin samfurin yana cikin na'urar, asiri a rufe yake. Ranar da aka buɗe fayil ɗin a sabuwar kwamfutar da ba ta da shi, sai ɗaya ta koma xaya ko ]aya, ɓangare ya koma vangare.

Wani zai ce abin ai mai sauƙi ne, a kwafi samfurin a zuba a sabuwar manhaja, magana ta ƙare. Lallai hakan yana gyara abin da ido ke gani, kuma ya kamata a yi shi a matsayin matakin gaggawa. Sai dai ciwon yana nan. Mai neman kalmar ƙarangiya a cikin irin wannan kundi ba zai same ta ba. Mai tattara matani domin ƙidayar kalmomi ko haɗa ƙamus zai tarar kalma guda ta rabu gida uku. Editan da aka aika wa maƙalar, in ba shi da samfurin, zai ga tarkace. Alhali tsarin Unicode ya daɗe da ba kowane ɗaya daga ɓ, ɗ, ƙ da ƴ lambarsa ta kansa, manya da ƙanana, kuma Windows 10 da 11 duk suna da tsarin madannai na Hausa da ake iya kunnawa. Rubutun da aka yi da waɗannan lambobi yana karantuwa a waya da Linux da shafukan intanet ba tare da roƙon kowa samfuri ba.

Don haka lokacin sabuntawa shi ne lokacin juyawa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Matakin farko shi ne a kwafi komai a wuri biyu, rumbun waje da ma'ajiyar intanet, har da muryoyin hirarrakin da aka ɗauko a fagen bincike, waɗanda wasu masu su sun riga mu gidan gaskiya. Na biyu, a adana samfuran haruffan kansu, a kuma fitar da kowane muhimmin kundi a siffar PDF tun yana karantuwa daidai, domin ya zama abin gwadawa. Na uku, a juya haruffan aro zuwa na Unicode ta hanyar nema da musanyawa, ana bambanta manya da ƙanana. Wannan mataki yana son natsuwa. Wanda ya musanya kowace v da kowace x a makance zai wayi gari manazartarsa ta cika da Uniɓersity da Oɗford, kuskuren da masu karanta kundayen Hausa a intanet sun saba cin karo da shi. Masu nazarin tsarin sauti kuma su bi alamomin karin sauti da na tsawon wasali ɗaya bayan ɗaya. Bayan duk wannan ne za a taɓa babbar manhaja, kuma a yi shi batir na cike, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin tana iya hana kwamfutar tashi.

Nauyin bai kamata ya tsaya a kan ɗaiɗaikun mutane ba. Sassan Hausa na jami'o'i za su iya shardanta cewa duk kundin digiri da za a miƙa ya kasance da haruffan Unicode, mujallu su sanya hakan cikin ƙa'idojinsu ga marubuta, sannan a ware ɗalibai 'yan kaɗan su juya tsofaffin kundayen da ke kwamfutocin sashe. Aiki ne da ba ya cin kuɗi mai yawa, lokaci da kulawa yake so. Windows XP ta tafi a 2014, Windows 7 ta bi ta a 2020, Windows 11 ma ranarta na zuwa. Kundin da aka juya yau ba zai sake jiran wani samfuri ba a ranar da za a yi sauyi na gaba.