Kada Mu Jira Rumbu Ya Mutu

A shekarar da na yi hidimar ƙasa, na ga yadda tsohuwar kwamfuta ɗaya ta durƙusar da ofishi guda. A cikinta manhajar albashi take, a kan Windows XP, wadda Microsoft ya daina kula da ita tun 2014. Da na ba da shawarar a kwashe abin da ke cikinta, sai magabatana suka ce da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Ranar da rumbun ajiyarta ya ƙi juyawa, ma'aikata suka shiga sabon wata babu albashi.

Aka kira abin ƙaddara. Ni sakaci na kira shi, domin hanyar ceto tana nan, kuma kyauta ce. Ana tayar da tsohuwar na'urar daga filashi mai ɗauke da Clonezilla. Da yake babbar manhajarta tana barci a lokacin, babu fayil ɗin da ke canzawa, sai a ɗauki kwafin rumbun sukutum. Daga nan a zuba shi cikin kwamfutar kwaikwayo, irin wadda VirtualBox ke ginawa a cikin sabuwar na'ura.

Masu adawa sukan ce kwafin yakan ƙi tashi. Gaskiya ne, domin Windows takan nemi kayan ƙarfen da ta saba da su. Amma asalin yana nan lafiya lau, ana iya gyara saitin a sake gwadawa sau goma. Mataccen rumbu kuwa da wuya ya ba da dama ta biyu.

Don haka ina kira ga shugabannin ofisoshinmu da su yi wannan ƙaura tun tsofaffin na'urorinsu suna numfashi.