Ido Ya Fi Kwanon Rufi

Duk ɗan Rijau da ke neman abinci a Ikko ko Badun ya san aika kuɗin kwanon rufi gida. To, tsohon da yana ta rufe wa ido fa? Sau da yawa masu yawo da tsinke ake kira, su danna yanar ciki, wani ya makance ɗungum.

Tun 1949 Likita Harold Ridley na Ingila ya fara dasa ɗan madubin roba a gurbin wanda ya dushe. Asibitin Ido na ECWA, Kano, da Cibiyar Ido ta Ƙasa, Kaduna, suna wannan aiki, tsoho ya huta da tabarau mai kauri. Wajibi ne ƙungiyoyin 'yan gari su ware kuɗin mota da na aiki. Rufi zai jira kaka. Idon da tsinke ya ɓata ba ya dawowa.