A Nema Wa Ruwa Hanya Kafin A Zuba Jar Ƙasa

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi tsokaci game da zaftarewar gefen hanyoyin mota da damina, abin da ke jawo mana asara mu ƙananan 'yan kasuwa da manoma.

Ni mai sayen tumatur da albasa ne a ƙauye ina kai wa birni. Hanyar da muke bi ta ratsa gefen wani tudu, an kuma yi katangar dutse da siminti don ta tare ƙasa. A markar bara katangar nan ta yi ciki, ta tsage, ran nan da dare sai ta kife, rabin kwalta ya bi ta cikin kwari. Kwana uku motocinmu na tsaye, kwandunan tumatur suka ruɓe muna kallo. Da masu gyara suka zo, tifa-tifa na jar ƙasa suka juye, gireda ta baje, suka tafi. Ruwa biyu aka yi, ƙasar ta koma inda 'yar'uwarta ta tafi. To, Malam Edita, wannan gyara ne ko zubar da kuɗin talakawa?

Jama'a da yawa na ɗora laifin a kan manyan motoci. Suna da nasu, amma babban mai kayar da katanga ruwa ne. Ganga ɗaya ta ruwa mai cin lita 200 nauyinta kilo 200 ne. Idan ƙasar bayan katanga ta sha ruwa ta ƙoshi, sai ta yi nauyi, ta yi laushi, ta dinga tura katangar har ta faɗi. Shi ya sa ake barin ƙananan ramuka a jikinta, a jera tsakuwa a bayanta, don ruwan ya tsiyaye. Ramukan tamu kuwa duk laka da leda sun toshe su, kwalbatin ma ya cika da yashi.

Saboda haka gyaran gaggawa yana da tsari. Da farko a killace wurin, a sa alama mai haske, a hana mota mai kaya matsawa bakin gaɓa. Sai a yashe kwalbati da lambatu, a haƙa magudana a saman tudu don a karkatar da ruwa. A rufe tsagar ƙasa da tamfol kada wani ruwan ya sake shiga. A danne gindin gangaren da manyan duwatsu ko buhunan yashi, ko a jera ragar waya cike da duwatsu, wadda ke riƙe ƙasa amma tana barin ruwa ya wuce. Bayan haka ne za a zuba ƙasa kaɗan-kaɗan ana daddaɓewa. Idan rani ya yi, a dawo a yi aiki mai ƙwari.

Abin bai tsaya a ƙauyenmu ba. A 2017 gadar Tatabu da ke tsakanin Mokwa da Jebba ta karye. A watan Agusta na 2024 ruwa ya yanke hanyar Kano zuwa Maiduguri a ƙasar Katagum. A watan Mayu na 2025 ambaliyar Mokwa ta ci rayuka masu yawa, ta kuma katse hanyar da kayan gwari ke bi zuwa Kudu. Ina kira ga hukumar FERMA, wadda aka kafa a 2002 don kula da hanyoyin tarayya, da ma'aikatun ayyuka na jihohi, su riƙa zagaya irin waɗannan wurare tun kafin ruwan fari, su tanadi duwatsu da raga a kusa.

Amma fa mu ma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Wa ke ɗibar yashi da ƙasar gini a gindin tudu? Wa ke zuba shara a lambatu? Wa ke yanke ragar waya ya kwashe duwatsun ya kai harsashin gidansa? Wa ke noma har bakin kwalta? Mu ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ya kamata dagatai da masu unguwanni su hana wannan, su kira aikin gayya a yashe magudanu, a dasa jema da gamba a gangare, domin saiwoyinsu na kama ƙasa. Duk wanda ya ga kwalta ta tsage a tsaye a gefen hanya, ko katanga ta karkata, ko ruwan laka na ɓulɓulowa daga gindinta, ya gaggauta sanar da ƙaramar hukuma, kada ya jira sai mota ta faɗa da mutane.

Allah Ya kiyaye mu, Ya sa a gyara, amin.

Naka mai karatu kullum,
Wani ɗan kasuwar kayan gwari.