Maroƙa da Masu Ƙumbar Susa: 'Yan Jarida da Wasan Besbol a Amurka

Sanin kowa ne maroƙi ba ya ɓata muryarsa a ƙofar matsiyaci. Inda ya hango taro da masu ƙumbar susa, nan yake buɗe baki. Duk wanda ya lura da yadda jaridu da gidajen talabijin na Amurka suke ɗaukar wasan besbol, tilas wannan hali na maroƙa ya faɗo masa a rai. Shi besbol wasa ne da ake jefo wa ɗan wasa ƙwallo, ya make ta da kulki, sa'an nan ya sheƙa ya zagaye tashoshi huɗu. Ƙungiyoyi 30 ne ke babbar gasar, amma idan aka bi ta bakin 'yan jarida sai a zaci biyu ne rak, wato Yankees ta birnin Niyok da Red Sox ta Boston.

Lalle gabar da ke tsakaninsu tana da tarihi mai daɗin ji. A ƙarshen 1919 Red Sox ta sayar wa Yankees gwarzonta Babe Ruth. Daga nan Yankees ta shiga lashe kofi har sau 27, ita kuwa Red Sox da ta ci a 1918 ba ta sake gani ba sai 2004, bayan shekara 86. A wannan shekarar ma sai da Yankees ta ci ta wasa uku a jere kafin ta farfaɗo ta ci huɗu. Irin wannan labari ba ya bukatar gishiri. Shi ya sa da aka tashi kai wasan gasar ƙasar Turai karo na farko a 2019, su biyun aka kai Landan.

Masu gidajen talabijin suna da hujjarsu, kuma ba a raina ta. Cewa suke abin da jama'a ke so shi suke nunawa. Alal misali, wasan ƙarshe na 2023 tsakanin Texas Rangers da Arizona Diamondbacks, kimanin mutum miliyan 9 ne suka riƙa kallon kowane karo, amma na 2024 tsakanin Yankees da Dodgers ya haura miliyan 15. Kuɗin talla kuwa yawan 'yan kallo yake bi.

Sai dai a nan gizo ke saƙa. Mutum ba ya ƙaunar abin da bai sani ba, kuma ba ya sanin abin da ba a nuna masa ba. Idan an shafe wata shida ana wasa sunan Yankees dare da rana, ran da Diamondbacks ta kai ƙarshe baƙuwa za ta zama a idon jama'a. Ashe ke nan ƙarancin 'yan kallon nan, wani ɓangarensa girbin abin da 'yan jarida suka shuka ne da hannunsu.

Bugu da ƙari, ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. A 2008 Tampa Bay Rays, wadda albashin 'yan wasanta ke cikin mafi ƙanƙanta, ta sha gaban Yankees da Red Sox duka a rukuninsu. A 2015 Kansas City Royals ta ɗauki kofi bayan shekara 30. Ita kuwa Athletics, da ta zauna a Oakland tun 1968 ta ci kofi huɗu a can, ta tattara ta bar garin bayan kakar 2024. Rigimar filin wasa da shawarar mai ƙungiyar ne suka jawo tashin, amma garin da ba a jin kukansa a kafafen watsa labarai ya fi sauƙin ƙwace.

Daga ƙarshe, aikin ɗan jarida ya bambanta da na maroƙi, domin shi amanar jama'a ya ɗauka. Tun 2023 hukumar gasar ta rage haɗuwar Yankees da Red Sox daga sau 19 zuwa 13 a kaka, don kowace ƙungiya ta gwabza da kowa. Saura masu alƙalami da kyamara su bi sahu, su ba wa sauran 28 ɗin haƙƙinsu tun farkon kaka.