An Ba Mai Nazarin Sarewa Ofis, Mai Busa Ta Fa?

A shekarar 1981 wani Ba'amurke mai busa, Yusef Lateef, ya sauka Zariya. Jami'ar Ahmadu Bello ce ta ɗauke shi babban mai bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya, ya zauna har 1985. Ba ƙaramin makaɗi ba ne a ƙasarsu. Musulmi ne, ya kuma yi busa tare da manyan kiɗan jaz irin su Dizzy Gillespie da Charles Mingus da Cannonball Adderley. Abin da ya ja hankalinsa a nan shi ne sarewar Fulani, wadda yaran makiyaya ke busawa a bayan shanu. Ya nazarce ta, ya shiga sitidiyo a Legas a 1983 ya yi faifai da makaɗan gida, daga baya shi da Ziky Kofoworola suka fitar da littafi kan kiɗa da wasannin Hausa a 1987.

An karrama baƙo, kuma ya cancanta. Sai dai wanda aka je wurinsa koyon busar yana nan a bakin rafi, ba ofis, ba albashi.

Lateef ya fito daga duniyar da ake ƙirƙirar kiɗa nan take. A ɓangarenta mafi tsauri, makaɗa kan hau dandali ba tare da rubutaccen kari ba, kowa na sauraren ɗan uwansa yana mayar masa da martani, abin da ya fito shi ke nan, gobe ba za a maimaita shi ba. Faifan Ornette Coleman na 1961 mai suna Free Jazz, inda makaɗa takwas suka yi ta kai-komo fiye da rabin sa'a, shi ya ba salon suna. Kasuwa ba ta taɓa ƙaunar wannan kiɗa ba. Coleman ya yi aikin tuƙa na'urar hawa bene a Los Angeles kafin a san shi. Cecil Taylor, gwanin fiyano, ya yi wankin kwanuka a gidajen abinci. Anthony Braxton har dara irin ta Turawa ya riƙa bugawa don kuɗi a New York.

Yadda suka tsira ne abin dubawa. A 1965 su Muhal Richard Abrams suka kafa ƙungiyar makaɗa ta AACM a Shikago, suna shirya wasanninsu da kansu, suna koya wa yaran unguwa kyauta. A Ingila, Derek Bailey da Evan Parker da Tony Oxley suka buɗe kamfanin faifai na Incus a 1970, tunda manyan kamfanoni sun juya musu baya. Sannan jami'o'i suka buɗe ƙofa: Braxton ya koyar a Jami'ar Wesleyan fiye da shekara 20, Lateef kuwa da ya koma gida ya ci gaba da koyarwa a Jami'ar Massachusetts har tsufa, ya rasu a 2013 yana da shekara 93. Albashin aji ne ya riƙe mutanen nan, ba cinikin faifai ba.

Mutumin Kagara ko Wurno ko Rabah ba sai an yi masa dogon bayani kan ƙirƙirar nan take ba, ya san ta tun a filin dambe. Bayan an kawar da amfanin gona, a share fili, mai kalangu ya ɗauko taken ɗan wasa, mawaƙi na kallon wanda ya ɗaure hannu yana zuga shi da abin da idonsa ke gani a lokacin. Idan aka kai mutum ƙasa, kafin ƙura ta lafa an riga an saka faɗuwar cikin waƙa. Muhammadu Bawa Ɗan Anace, mutumin ƙasar Gandi a nan Rabah, da wannan ya yi suna, har waƙarsa ta ɗan dambe Shago ta zama abin da ɗaliban jami'a ke rubuta kundi a kai. Makaɗan fada hanyarsu daban ce. Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, kan zauna da 'yan amshinsa a tace waƙa kafin a kai ta gaban sarki. Shata kuwa an san shi da rashin gwaji, kalangu na tashi baki ya buɗe. Duka hanyoyin biyu gwaninta ne, amma ta ƙirƙirar nan take ce ke mutuwa da mai ita idan ba wanda ya zauna kusa da shi ya ɗauka.

Wa ke ciyar da irin waɗannan? A da akwai ubangida: sarki ya ba da doki da riga, attajiri ya biya kujerar Makka, manomi ya auna dame, taron fili ya yi kari. Wannan tsari ya tsinke. Rashin tsaro ya yi tasa ɓarnar. Tun harin Tabanni na watan Yulin 2018, wanda ya kwararo da 'yan gudun hijira Gandi, zuwa na kasuwar Goronyo a Oktoban 2021, taron dare a ƙauye ya zama kasada, kuma inda ba taro ba kari. Sitidiyo ta ƙarasa sauran. Yau mai biki ya gwammace ya aika sunan amarya ta waya, yaro ɗaya da kwamfuta ya haɗa masa waƙa da kiɗan fiyano, a sa a lasifika. Ya fi araha, ba kuma sai an ciyar da mutum bakwai ba.

Za a ce ai jami'o'inmu ba su yi sakaci ba. Gaskiya ne an yi rubutu. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da mawaƙan Hausa, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988, Jami'ar Jos ta ba Ɗan Maraya. Amma digirin girmamawa riga ce ta yini guda. Malamin da ya feɗe baitin mawaƙi ya zama farfesa, mai baitin ya rasu yana jiran wanda zai tuna da shi ranar salla. Ana nazarin kalmomi, ba a koyar da hannu. Yadda ake matse kalangu a hammata har ya yi magana, ko yadda mai algaita ke riƙe iska a kumatu ya yi ta busa ba yankewa, ba a koyon su daga kundi.

Maƙwabtanmu sun ɗan gwada. A Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa ta Elhadji Taya, inda marigayi Malam Maman Barka, mai gurumi, ya yi aiki, ya kuma je bakin Tafkin Cadi ya koyo kiɗan biram a wurin tsohon da ya rage da ita. Mamman Sani kuwa, wanda ya naɗi kaset ɗinsa na ogan mai lantarki a 1978, sai a 2013 wani ƙaramin kamfanin Amurka, Sahel Sounds, ya sake fitar da shi duniya ta ji. Shekara 35 yana jira.

Cikas ɗin da za a kawo sananne ne: makaɗi ba shi da takarda, ga kuma kallon da ake yi wa roƙo a ƙasar nan. Takarda dai dokar majalisar jami'a ce, ita ke iya sassauta ta. Kallon raini kuwa bai hana a cika ɗakunan karatu da kundaye kan Narambaɗa da Ɗanƙwairo ba.

Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na da Cibiyar Nazarin Hausa, ga Jami'ar Jihar Sakkwato, ga Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari. Kowace ta ɗauki makaɗi ɗaya ko biyu daga gabashin jihar, mai kalangu ko mai sarewa ko mai goge, a yanka masa albashi na shekara biyu, a ba shi ɗalibai, a naɗi duk abin da ya kaɗa a ajiye da sunansa. 'Yan majalisar Wurno da Rabah da Goronyo su kai maganar gaban gwamnati tun kafin a rufe kasafin baɗi.