Filin Kiwon Lafiya: A san ruwa kafin a sayi mataci

Harobanda tana ƙetaren kogin Isa, tana kallon birnin Yamai. Da Zabarmanci sunan yana nufin bayan ruwa. Tun da aka buɗe gadar Kenedi a 1970 wurin yake ta cika. Akwai masu lambu, da masu noman shinkafa, da masunta, da Filani masu shanu. Unguwanninta sun haɗa da Lamorde, Karaje, Nogare, Kirkisoy da Sagiya.

Ruwa ba ya yi wa mutanen Harobanda nisa. Amma ba iri ɗaya suke sha ba. Wani gida yana da famfo. Wani yana saye wajen ƴan garuwa. Wani yana da rijiya a tsakar gida. Wanda ya wuni a lambu ko a wurin kiwo kuwa, sau da yawa gulbi yake ɗiba ya sha.

A farkon watan Satumba 2020 kogi ya cika har wajen mita 7 a ma'aunin Yamai. Shingen da ke tare ruwa a Lamorde ya karye. Ruwa ya shiga unguwanni, gidajen ƙasa suka rushe, mutane suka koma kwana a makarantu. Ruwan da ya shiga gida bai bar salanga ba, bai bar rijiya ba. Ya haɗa su wuri ɗaya. Shekara ta gaba, 2021, ciwon kwalara ya ɓulla a jihohi da yawa na Nijar. Fiye da mutum 5,000 suka kamu, fiye da 150 suka rasu. Saboda haka maganar tace ruwa ba maganar masu kuɗi ba ce. Maganar kowane gida ce mai yara.

Ga misali. Wani mai lambu ne, ƙaramin ɗansa ya yi zawo sau uku cikin damana ɗaya. Ya sayar da zogale da kabeji, ya nufi kasuwa neman mataci, wanda waɗansu ke kira filtir. Mai kanti ya jera masa iri-iri. Ga ƙarami da ake ɗaurawa a bakin famfo. Ga mai bokiti biyu, ɗaya bisa ɗaya. Ga babba mai aiki da lantarki. Kowanne ya ɗauka sai mai kanti ya ce: "Alhaji, wannan ba shi da na biyu."

Mai lambu bai saya ba, kuma ya yi daidai. Ya bi ta gidan likita ya tambayi ma'aikaciyar lafiya. Ba ta tambaye shi nawa ne a aljihunsa ba. Cewa ta yi: "Baba, daga ina kuke ɗebo ruwan sha? Ku nawa ne a gida? Cikin me kuke zuba shi?"

Waɗannan tambayoyi uku su ne kan maganar. Wanda bai amsa su ba zai sayi abin da ba ya yi masa aiki.

Laka daban, ƙwayar cuta daban

Abu biyu ne ke ɓata ruwa a wuri kamar Harobanda. Na fari laka da datti, waɗanda ido ke gani. Na biyu ƙwayoyin cuta, waɗanda ido ba ya gani. Su ne ke kawo zawo, da atini, da kwalara, da shawara. Suna fitowa daga kashin mutum da na dabba. Ruwa yana iya zama garai-garai alhali yana cike da su. Rijiyar da ke kusa da salanga haka take. Ruwanta da sanyi, da daɗin sha, amma shi ne ke kwantar da yara.

Ruwan gulbi kuma yana sakewa da lokaci. Cikin damana koramun Goruwal, Dargol da Sirba suna kwararo jar ƙasa cikin kogi, ruwan ya yi ja wur. Da sanyi, idan ruwan da ya taso daga ƙasar Gine ya iso, sai ya ɗan washe. Matacin da ya yi aiki lafiya a watan Janairu yana iya toshewa cikin kwana kaɗan a watan Agusta.

Don haka mai shan ruwan gulbi ko na tabki aiki biyu ne a gabansa. Ya fid da laka tukuna, sannan ya kashe ƙwayoyin cuta. Ba a juya su. Laka tana ɓoye ƙwayoyin cuta, tana kuma cinye ƙarfin magani.

Fid da laka ba ya son kuɗi. A zuba ruwa a bar shi ya kwanta, a tsiyaye na sama. Mata sun san alif tun kaka da kakanni. Ƴaƴan zogale ma suna yin wannan aiki, ga shi zogale ba ya wuya a lambunan bakin kogi. A samu busassun ƴaƴa, a ɓare, a daka su lukui. Kimanin ƙwaya ɗaya ga litir ɗaya, a ƙara idan ruwan ya yi kauri. A dama garin da ɗan ruwa, a zuba, a motsa sosai, a bari awa ɗaya ko biyu. Laka za ta taru ta sauka ƙasa. Amma a sani: alif da zogale suna washe ruwa ne, ba su gama kashe cuta ba.

Tsofaffi suna tune da ƙyallen tace ruwa na zamanin kurkunu. Ya yi aiki ƙwarai, domin ƴan ƙwarin ruwa da ke ɗauke da kurkunu manya ne, ba sa wuce ƙyalle. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar kurkunu ya ƙare a Nijar. A ƙasar Bangaladash kuma an gwada tace ruwa da tsohon zane ninki huɗu, kwalara ta ragu da kusan rabi a ƙauyukan da suka yi haka. Rabi ba kaɗan ba ne. Amma ɗaya rabin yana nan. Ƙyalle mataki ne na fari kawai.

Abin da ke kasuwa

Ƙaramin da ake ɗaurawa a bakin famfo yawanci gawayi ne a cikinsa. Yana gyara ɗanɗano, yana rage wari. Ba a dogara da shi wajen kashe cuta. Wanda ba shi da famfo ma ba shi da inda zai ɗaura shi.

Babban mai lantarki yana tace ruwa sosai. Sai dai yana son wuta, yana son ruwan famfo mai ƙarfi, yana zubar da ruwa mai yawa, kayan canjinsa kuma da tsada. A gidan da ake sayen ruwa bido-bido, ado ne kawai zai zama.

Mai bokiti biyu shi ya fi dacewa da gidan talaka, in har an kula da shi. A cikin bokitin sama akwai farin abu kamar kyandir, da gasasshen yumɓu aka yi shi. Ruwa yana bi ta ƙananan ƙofofinsa yana ɗiga cikin bokitin ƙasa, a buɗe ɗan famfo a sha. Akwai irinsa da aka yi kamar tukunya. Wani mutumin ƙasar Gwatamala, Fernando Mazariegos, shi ya ƙago ta a 1981. Wannan mataci yana tare laka da mafi yawan ƙwayoyin cuta. Amma akwai ƙanana ƙwarai, irin masu kawo shawara, da ke iya wucewa.

Mai saye ya duba abubuwa kafin ya fid da kuɗi. Ya ɗaga kyandir ya duba tsaga. Tsaga ko kamar gashin kai ce ta lalata shi, domin ruwa zai bi ta nan ba tare da an tace shi ba. Ya duba robar da ke ɗaure kyandir, kada ruwa ya zurare ta gefe. Ya tambaya ko ana samun kyandir na canji a Yamai. Da yawa an sayi mataci da murna, bayan shekara ya koma mazubin gero don an rasa na canji.

Ya kuma yi lissafi. Kyandir ɗaya litir 1 zuwa 2 yake bayarwa a awa, kuma yana raguwa idan ya fara toshewa. Mutum yana shan litir 2 zuwa 3 a wuni, da bazara fiye da haka. Gida mai mutum goma yana son litir 30 ko fiye. To, sai mai kyandir biyu, sai kuma a riƙa cika shi safe da dare. Idan ruwa ya yanke da tsakar rana, yaro ba zai jira ba. Zai sha wanda ya samu.

Wankinsa da ruwa mai tsabta ne da burushi mai laushi, ba a sa wa kyandir sabulu. Idan aka ga ruwa ya fara zuba da sauri ba kamar da ba, kada a yi murna. Alama ce ya tsage.

Akwai kuma matacin rairayi da tsakuwa, wanda ake ginawa da siminti ko a cikin tano. Yana daɗewa. Amma sai ya yi kusan wata ɗaya ana zuba masa ruwa kafin ya kama aiki sosai, kuma yana son a zuba masa kullum. Nauyi gare shi, na mai zama wuri ɗaya ne.

Kashe ƙwayoyin cuta

Tafasawa ta fi kowace hanya tabbas. Idan ruwa ya tafasa yana ɓulɓula, a bar shi minti ɗaya, ya isa. Wahalarta itace da gawayi. Gidan da ba zai iya tafasa na kowa ba, ya tafasa na ƙananan yara da na marar lafiya.

Ƙwayar Aquatabs ta fi sauƙi. Girmanta iri-iri ne, sai a karanta takardar ko a tambaya. Wadda aka saba gani, ƙwaya ɗaya ce ga litir 20 na ruwa mai haske. A jefa, a rufe, a jira minti 30. A lura da girman bido, domin wani litir 20 ne, wani 25. Ƙwayar ta ruwa ce, ba a haɗiye ta, a ɓoye ta daga yara. Waɗansu suna ƙin warin. Warin nan shi ne shaidar magani yana ciki yana tsaron ruwa.

Lokacin ambaliya akan raba wani gari a ƴar takarda, PUR. Shi yana yin aikin biyu gaba ɗaya. Takarda ɗaya ga litir 10. A motsa minti 5, a bari minti 5 laka ta kwanta, a tace da ƙyalle mai tsabta, a jira minti 20. Ruwan jabel ma yana kashe cuta, amma ƙarfinsa ba ɗaya ba ne a kasuwa. Kada a zuba da ka. A kai kwalbar gidan likita a nuna, su faɗi awon.

Makiyayi ba zai ɗauki bokiti biyu bisa jaki ba. Nasa guzurin ƙyalle ne da ƙwayar Aquatabs a aljihu. Rana ma tana taimakonsa. A cika gorar roba fara mai haske, wadda ba ta wuce litir 2 ba, a kwantar da ita a rana awa 6. Idan akwai hadari sosai, kwana biyu. Sharaɗin shi ne ruwan ya washe tukuna.

Randa da moɗa

Tambaya ta uku ta ma'aikaciyar lafiya ita ce aka fi mantawa. Ruwan famfon Yamai ana tace shi a Gudel da Yantala, ana sa masa magani. Yana fitowa da kyau. A hanya yake lalacewa: cikin bidon da ba a wanke ba, cikin randa marar murfi, da moɗar da ke yawo a ƙasa. Yaro ya dawo daga bayan gida, ya tsoma hannu har wuyan hannu. Duk aikin da aka yi ya tashi a banza.

Mai lambun nan da ya koma gida, matarsa ta ce: "Maigida, ina matacin?" Ya ce sai an gyara randa tukuna. Suka sa mata murfi. Suka ɗaura wa moɗa dogon mariƙi, suka rataye ta a ƙusa. Na sha daban, na wanki daban. Su ruwan ƴan garuwa suke saye, mai haske, don haka ƙwayar Aquatabs ta ishe su a gida. Ƙyalle da garin zogale kuma na lambu ne, tare da ƙwayar, ranar da ruwan gida ya ƙare.

Idan duk da haka yaro ya kamu da zawo, a ba shi ruwan gishiri da sukari na likita nan da nan, a ci gaba da ba shi nono, a kai shi gidan likita. Zawo mai kama da ruwan shinkafa ba a kwana da shi a gida.

Akwai kuma ruwan da duk waɗannan dabaru ba sa gyarawa. A Tibiri ta jihar Maraɗi, tun daga 1985 mutane suka riƙa shan ruwan wata rijiyar burtsatse mai zurfi. Ruwa fari tas, babu wari. Ashe yana ɗauke da wani gishirin ƙasa da ake kira fulor, fiye da kima. Sai wajen shekara ta 2000 maganar ta fito fili, bayan haƙoran yara sun yi ja, ƙasusuwan ɗaruruwansu sun lanƙwashe. Ƙyalle ba ya tare fulor, kyandir ba ya tare shi, jabel ba ta taɓa shi. Tafasawa ma ƙara shi take yi, domin ruwa ne ke tashi, gishirin ya zauna. Garin da aka haƙa wa sabuwar rijiya mai zurfi ya nemi ma'aikatan ruwa na jiha su ɗebi ruwan su auna kafin a fara sha. Mai gari ne ya kamata ya kai maganar.

A wata mai zuwa filin nan zai yi bayani kan wanke rijiya bayan ambaliya, da nisan da ya kamata a bari tsakaninta da salanga.