Koren Ƙura a Tankin Gilashi: Soso Ba Ya Maganinsa, Haƙuri da Rage Haske Ne

Yau ba maganar tarwada ko kaji zan yi ba, maganar kifin kwalliya ce, saboda matasa da yawa sun fara haɗa tankin gilashi suna kai wa ofisoshi da gidaje. Sana'a ce mai ɗan rufin asiri, amma akwai abu ɗaya da ke saurin zubar wa mutum da mutunci a gaban kwastoma: wannan koren gansakukar mai kama da ƙura da ke lulluɓe gilashi.

Ni ma ta taɓa ni. Bayan na gama karatun kasuwancin noma, na haɗa wa wani bawan Allah tanki mai lita 120 a falonsa, da shuke-shuken ruwa da kifaye masu kala. Sati uku da haɗawa sai ya kira ni, ya ce, “Malam, kifin fa ba a ganinsu.” Na je na goge tas. Kwana biyu ta dawo. Na sake gogewa, ta sake dawowa. Daga nan na sayo maganin kashe gansakuka na zuba, shukokina suka fara narkewa, gilashin kuma yana nan kore shar. Saura ƙiris ya ce in zo in kwashe kayana in mayar masa da kuɗinsa.

Ra'ayina ke nan a yau: yawan gogewa da zuba magani ba sa kawar da ita, sau da yawa ma su ke ƙara mata kwana.

Da farko ka tabbatar ita ce. Ka sa yatsa a jikin gilashin. In ta goge cikin sauƙi kamar ƙurar hunturu a kan mota, to ita ce. In kuwa ɗige-ɗige ne masu tauri da sai da reza suke fita, wannan wata iri ce daban.

Me ya sa take dawowa? Idan ka goge ta a cikin ruwa, ba ka kashe ta ba. Ƙananan ƙwayoyinta ne ka watsa, su yi ta yawo a ruwan, cikin awanni kaɗan su sake manne wa gilashi. Ka share ɗaki ne da fanka a kunne.

Abin da ke ciyar da ita kuwa haske ne da abinci. Fitila mai ƙarfi da ke kunne tun safe har dare, tanki kusa da taga, ragowar abincin kifi da kashinsu. Ta fi damun sabon tanki, domin shukokin ba su kama sosai ba balle su yi gogayya da ita. A falon mutumin nan ana barin fitilar kusan awa 14 saboda baƙi, ga kuma ranar yamma tana dukan tankin.

Ga abin da na yi. Na mayar da hasken awa 6 a rana. Na sa labule a tagar. Na rage abinci zuwa abin da kifin za su cinye cikin minti 2. Sannan abu mafi wuya, na bar gilashin ban taɓa shi ba. Masu wannan harka da dama suna ba da shawarar a bar ta sati 3 zuwa 4 har ta tsufa, ta yi kauri, ta fara saɓulewa da kanta. Da lokacin ya yi, sai na zuƙe rabin ruwan da tiyo, na goge gilashin da ya fito fili da tsumma mai tsabta, ina wanke shi a bokiti a waje, ba a cikin tankin ba. Na wanke audugar matatar ruwa, na zuba sabon ruwa. Ta ɗan leƙo bayan nan, amma ba ta sake rufe gilashin ba.

Na san abin da wani zai ce: wane kwastoma ne zai zauna da koren tanki wata guda a falonsa? Gaskiya ne, kuma ba kowa zai yarda ba. Shi ya sa nake cewa ka gaya masa tun ranar da ka haɗa tankin cewa watannin farko sai an yi haƙuri. In ya ƙi, ka riƙa rage ruwa kana goge gilashin gaba kaɗai, ka fitar da dattin waje. Mai hali zai iya sa fitilar UV da ke kashe ƙwayoyin da ke yawo a ruwa. Amma in ba a rage haske ba, duk kashe kuɗi ne kawai.

Game da magani, a yi hattara. Wasu daga cikinsu na ɗauke da sinadarin tagulla, wanda ke kashe katantanwa da jatan lande, yana kuma iya cutar da shuka da kifi. Kuma gansakuka in ta mutu da yawa lokaci guda, ruɓewarta na shanye iskar oksijin ɗin ruwa.

Masu tafkin karfasa kuma kar ku ce na ce kore duk sharri ne. A wurinku koren ruwa abinci ne. Sai dai shi ma in ya yi yawa, da rana yana ba da oksijin, da dare yana shanyewa, shi ya sa za ka ga kifi na haki a saman ruwa da asuba. Ka tsoma hannu zuwa gwiwar hannu. In tafinka ya ɓace tun kafin ka kai nan, koren ya yi yawa, ka dakatar da taki ka sauya ruwa.

Mutumin nan har yanzu ni ke kula masa da tankin, kuma ta hanyarsa na samu wasu mutum biyu. Kafin ka tafi sayen magani, ka fara ƙirga awa nawa fitilarka ke yi a kunne. Allah Ya ba da sa'a.